Hannun da Aka Ce Yana Kashe Iri

Shekara ashirin da biyu aka hana ni taɓa iri a gidanmu a kan laifin da ba nawa ba, kuma har yau babu wanda ya ce mini in yi haƙuri.

Ina da shekara tara, an gama yankan shinkafa ke nan, wata Laraba Baba ya dawo Diggi daga Kalgo da buhun irin dankalin turawa a bayan keke. Ba mu taɓa noma shi ba. Malamin gona ya haɗa masa da wata 'yar kwalba mai rubutu a jiki, ya ce a jiƙa irin da ita kafin a baza shi ya tsiro. Duk gidan babu mai karanta boko. Baba da yayana Sani suka jujjuya kwalbar, suka shinshina, Sani ya ce ɗan wannan abin me zai yi wa buhu guda, suka tuttule ta duka a daro.

Ni aka ɗora wa kula. Na share ɗakin ajiya, na baza yashi, na jera dankalin ɗaya bayan ɗaya. Kullum kafin in tafi ɗebo ruwa sai na juya su, na kori kaji. Ƙawayena suna gala-gala a ƙofar gida, ni ina durƙushe ina leƙen idanun dankali. Tsiron ya fito fari tas, sai kansa ya yi baƙi ya ƙanƙance, kamar wuta ta lashe shi. Abin da aka binne a fadama, rabi bai tashi ba.

Gwaggo Hassi ce ta yanke hukunci a tsakar gida. "Hannun ɗiyar ga ne, mugun hannu gare ta." Baba, da ya san abin da ya zuba a daro, ya bar laifin a kaina. Daga nan in shuka ta zo, nawa kai fura bakin gona. Ko ƙwaryar irin gero ba a miƙo mini. Da aka kai ni gidan miji a Gwandu, maganar ta riga ni isa.

Sai da na haifi huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bara, a taron mata manoma, wata malama ta yi mana bayanin wani sinadari, seleniyam: ɗigo kaɗan yana ƙarfafa tsiron dankali, in ya yi yawa ya ƙone shi. Ta ɗaga hoton wanda aka cika wa. Ban san ko shi ne a kwalbar Baba ba, amma baƙin kan nan na san shi, sati uku na yi ina kallonsa. Baba ya rasu, Gwaggo ta rasu, babu wanda zan nuna wa. Yanzu 'ya'yana ke karanta takardar magani kafin a buɗe. Ni wa ya karanta mini?

Washegarin taron na hau mota zuwa Diggi, na tarar da Sani a fadama yana shukar albasa. "A'a, Ladidi, lafiya?" Na ce, "Yaya, ba ni ƙwaryar nan." Na karɓe ta daga hannunsa, na cusa hannuna cikin irin har wuyan hannu.