Tsohuwar Magen da Umma Ta Zaɓa

Jiya na lallaɓa Umma ta raka ni gidan da ake ajiye magunan da ba su da kowa. Tun rasuwar Abba da ta dawo wurina Plumstead, ko fita ba ta so.

'Yar ƙaramar mage na yi booking tun kafin mu je, amma Umma ta tsaya gaban wata tsohuwar mage da ta takure a lungu.

"Tambayar min ma'aikaciyar, me ya same ta?"

Na tambaya. "Mai ita ne ya rasu, Umma. Tun lokacin ba ta cin abinci sosai."

"Ita za mu ɗauka. Na san ciwon."

Yau ta shimfiɗa mata mayafinta kusa da hita, tana ta yi mata hira. Ban san wa ke jinyar wa ba.

Masu mage, me zan ba ta ta fara ci?