Ranar da Na Fassara Fim ɗin da Ba Na Jin Yarensa

A da, kallon fim ɗin Indiya a unguwar Bronx, inda muke zaman ƙasar waje, taro ne: a cika falo, a zuba shinkafa a faranti ɗaya, wani yana fassara wa jama'a. Yau kowa da wayarsa yake kallo, shi kaɗai. Cikin waɗancan zaman akwai wata Lahadi da ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni ne mai fassarar, don na yi shekaru ina aikin jirgin ruwa tsakanin Mumbai da Jidda, na iya Hindi. Bayan la'asar muka taru a gidan wani abokina ɗan Kumasi a titin Grand Concourse. Ya sayo faifai a Canal Street, ya ce mai sayarwa ya rantse masa akwai faɗa.

Ina shiga na ga ƙanina a bakin taga. Shekara biyu ke nan ba ya yi mini magana. Da mahaifiyarmu ta rasu a Jos yana tsakiyar jarrabawar aikin jinya, sai na ɓoye masa har mako guda. Da ya ji, abin da ya ce kawai shi ne, "Ka binne ta ba ni."

Aka sa faifai. Jarumin na buɗe baki na ji ba Hindi yake yi ba. Tamil ne, yaren kudancin Indiya, tsakaninsa da Hindi kamar Hausa da Yarbanci.

"Tsoho, ka yi shiru," in ji mai gidan. "Ko batirinka ya mutu ne?"

Girman kai ya hana ni faɗin gaskiya. Na riƙa bin fuskoki ina ƙirƙirar magana. Labarin ma bai ɓuya ba: wani gawurtaccen ɗan daba ne mai gashin baki, abokan gaba suka sassari ƙaninsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da adda. Ana ta ihu, matar gidan tana cewa, "Ƙara masa!"

Sai aka nuno shi a asibiti, ya durƙusa gaban gadon ƙanin yana kuka. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba.

"Cewa yake, na ɓoye maka ne don har yau kallon yaro nake maka. Uwarmu ɗaya, ba ni da ikon hana ka kukanta. Ka yafe mini."

"Ina uwa ta shigo labarin nan?" in ji mai gidan.

Can daga bakin taga na ji muryar ƙanina: "Shi ƙanin me ya ce?"

"Bai ce komai ba tukuna."

"Ya ce mana, Yaya. Cewa ya yi ka tashi haka nan, gwiwarka ba lafiya gare ta ba."

Aka fashe da dariya, mu biyu kawai muke share ido. A jirgin ƙasa, kan hanyar gida, ya ce mini, "Da Tamilawa nake aiki a asibiti. Tun minti na farko na san ko kalma ɗaya ba ka ji."

Na yi yawon duniya, na koyi harsuna biyar, amma sai da na ari bakin ɗan daba kafin na iya ba ƙanina haƙuri. Daga ranar ban sake ɓoye masa komai ba, daɗi ko ɗaci, kuma in na yi laifi da bakina nake faɗa.