Rijiyar Kubura Mai Koko

Kubura mai koko maƙwabciyata ce a Zongon Lome, shinge ne kawai tsakaninmu. Ita Bagobira ce, ni kuwa Kimba Bazabarme, don haka tun kakanni aka halatta mini tsokanarta. In na ce mata baiwata, ta ce mini bawan Gobir, mu rabu kowa na ganin shi ya ci.

Da mijinta ta zo garin nan, wani falke mai safarar goro. Da ya rasu bai bar mata komai ba sai ɗaki biyu da rijiya, amma rijiyar ta fi garken shanu. Wanda ya san Lome ya san rijiyoyinta: ka tona gaba biyu ka tarar da ruwa, sai dai zartsi, kamar teku ta tofa yawu a ciki. Ta Kubura kuwa ruwanta daɗi gare shi. Da shi take jiƙa masara ta dama koko, mahauta da 'yan dako su yi layi da ƙoƙunansu. Masallata ma can suke cika buta.

Shekara biyar kafin babban yaƙin duniya, wani kamfanin Faransawa ya kafa famfon fetur a bakin hanya, bayan gidajenmu, aka binne tankin ƙarfe a ƙasa. Ina cikin leburorin da suka haƙa ramin. Kwana huɗu kacal na yi, amma daga ranar duk maganar da ta shafi ƙasa ni ne malaminta, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba.

Bayan damina uku kokon ya fara wani wari. Na bi unguwa ina cewa ai Gobirawa ba sa wanke tukunya. Sai kuma wani maiƙo ya bayyana a kan ruwan guga, yana ƙyalli kamar wuyan tattabara. Limaminmu, Malam Lukmanu, ya sansana ya ce ruwan da launinsa da warinsa suka sauya ba a alwala da shi. Kafin Juma'a biyu layin masu sayen koko ya koma mutum uku, ni ne na ukun, ni ma don ba ta karɓar kuɗina.

Mata suka ce wani abu ne ya faɗa ya mutu, sai an yashe rijiyar. Buraima mai yasar rijiyoyi ya yi tafiya, sai na bugi ƙirji na ce me Buraima ya sani wanda ban sani ba. Na sha ganinsa yana zura fitila kafin ya shiga, in ta mutu iskar ciki ba ta da kyau. Da hantsi, gaban mata da yara, na kunna aci-balbal, na ɗaura mata igiya, na zura. Har na leƙa da kaina sosai don a ga gwani na aiki.

Abin da na sani kawai, na ji fuu, na tsinci kaina zaune a cikin kwandon masara. Gemu ya tafi, gira ta tafi, igiyar hannuna tana hayaƙi.

Kubura ta duba ta ga da raina. Ta ce, “Bawan Gobir, an babbake ka kamar kan akuya, sai dai wannan kan babu mai saye.”

Kowa ya yi dariya ban da ita. Ta tsaya tana kallon bakin rijiyar, sannan ta juyo gare ni.

“Kimba, ruwa ba ya kama wuta. Me kuka binne mini a bayan gida?”

Ni malamin ƙasa, sai a lokacin na tuna da ramin da na haƙa da hannuna.

Ta je wurin akawun kamfanin. Ya ce mata tankin daga Faransa ya zo, ba ya yoyo. Ba ta yi musu ba. Washegari ta dama koko da ruwan nan, ta zauna gindin famfon, ta miƙa masa ƙoƙo gaban direbobi, ta ce kyauta ce, ya sha. Bai sha ba. Ta koma gobe, ta koma jibi, har direbobi suka fara tambayarsa ko azumi yake. Rana ta biyar Baturen kamfanin ya sa a tone.

Ni aka sake ɗauka haƙa, ba gira. Muka tarar gishirin ƙasa ya cinye gindin tankin, ga huda kamar ɗan yatsa ya shiga, yashin ƙarƙashinsa kuwa duk inda shebur ya kai wari yake.

Suka sauya tanki, amma ba a sauya wa rijiya ciki. Buraima ya yashe ta sau bakwai, damina biyu ta wuce a kanta, warin na nan. Ranar da Kubura ta haƙura, ta ce a cike ta kada wani yaro ya sha. Ta hana kowa taɓa shebur sai da ta zuba ƙwaryar yashi ta farko da hannunta, ta shige ɗaki.

Har yau tana koko, da ruwan wata rijiya can ƙarshen Zongo. Masu saye sun dawo, suna ce mata daɗin bai sauya ba, ita kuma ta ce Allah ya yafe musu ƙarya. Garwa biyu nake ɗauko mata kowace safiya, kuma kullum sai ta leƙa ta ce rabi na zubar a hanya.