Ja da Fara a Hanyar Dusuman

Shekara ashirin da wani abu ina kanikanci a unguwar Jiddari Polo, ban ga manya biyu da suka ɓata mini lokaci ba kamar mijin ƙanwata da abokinsa, wani Alhaji mai sayar da busasshen kifi. Kowannensu yana da tsohuwar motar tsere ƙirar Japan, mai ƙofa biyu, wadda sai ka durƙusa kafin ka shiga.

Ta mijin ƙanwata ja ce, shi kuma ba ya da zance sai gudu. Ta Alhaji fara ce, mai fitilun da suke ɗagowa kamar idon kwaɗo, kullum tana lulluɓe da tamfol a gidansa na Umarari. Wai an daina ƙera irinta, wai masu tara tsofaffin motoci a ƙasashen waje nemanta suke ido rufe.

A garejina suke haɗuwa su yi ta musu, ina ƙarƙashin motar mutane ina jin su.

"Alhaji, taka ai kayan ɗaki ce," in ji mijin ƙanwata. "Ka shigar da ita falo kawai."

"Kai ka san mota? Tawa ko noti ɗaya ba a taɓa canja mata ba."

Alhali da hannuna na sauke injin farar da ya buga, na ɗora mata na wata tasi da ta yi hatsari, Alhaji yana tsaye yana roƙona in rufa masa asiri. Jar kuwa giyarta ta uku ba ta shiga, kuma mai ita ya sani.

Wata Asabar suka dage sai an gwada su a hanyar Dusuman, ni ne alƙali. Na bi su a babur, ina jin haushin kaina.

Da na ɗaga hannu, Alhaji ya tashi kamar mai ɗauke da ƙwai, wai kada tsakuwa ta karce masa fenti. Wani mai keke napep da lodin albasa ya wuce shi yana leƙensa. Jar ta yi ƙara ta ɓace, amma ba ta yi nisa ba ta faɗa wani rami, cikinta ya daki ƙasa, baƙin mai ya malale a titi.

Manoma suka fito daga gona suka kewaye mu. Wani dattijo ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya tambaye ni, "Malam, wannan buhu nawa take ɗauka?"

Amalanken shanunsa ne ya ja ta zuwa bakin gari. Duk da haka, a hanya su biyun suna tambayata wa ya ci. Na ce mai albasa.

Washegari ƙanwata ta zo gareji ta ce, "Yaya, don Allah kada ka yi saurin gyara ta."

Aikin kwana biyu ne. Sai da na kai shi wata huɗu.