Zaren da Na Ƙona

A makarantar 'yan mata ta mishan, can ƙasar Tangale, malamar da ta koya mana ɗinki ba ta yarda mu taɓa almakashi ba sai da muka iya gane yadi. Takan ajiye faranti a kan tebur, ta zaro zare guda daga gefen ƙyalle, ta kunna ashana. Auduga tana ci da sauri, tana warin takardar da ta ƙone, ta bar toka mai laushi. Ulu da siliki suna ƙaurin gashi, abin da suka bari kuma yana murƙushewa tsakanin yatsu. Zaren roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri, wanda ko da farce ba a fasa shi. Na fi kowa iya wannan a ajinmu. Daga baya na zo Gombe na koyar da shi shekaru masu yawa, kuma ban taɓa shiga kasuwa babu ashana a jakata ba. Akwai masu sayar da yadi da suke tura wasu bandir ƙarƙashin tebur da zarar sun hango ni.

Maigidana malamin duba fatu ne. Aikinsa ya kai shi mahauta, ya kai shi wurin majema, kuma ko an wanke rigunansa sau biyu warin bagaruwa ba ya barinsu. Yakan ɗaga fatar akuya ya kara ta da rana, ya nuna inda wuƙa ta zame wa mai fiɗa, ko da an shafe wurin. Ba a taɓa ruɗinsa da fata ba, yana kuma alfahari da hakan, kamar yadda nake alfahari da nawa sanin. Muna zaune a Dawaki a lokacin, a gida mai ɗaki uku da bishiyar mangwaro a tsakar gida.

Wata shekara, gab da Kirsimeti, aka tura shi Kano. Ya dawo da yamma, ƙanwarsa da mijinta suna gidan, muna zaune a inuwa. Ya miƙo mini ƙunshi a takarda. Tun aurenmu ni nake sayen yadin gidan duka, har nasa. Wannan ne karon farko da ya zaɓa da kansa. Na buɗe. Kore ne mai duhu, yana sheƙi, yadi shida.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana idan yana cikin raha, "siliki ne. Mai shagon har rantsuwa ya yi."

"Yaya, ashe ka iya!" in ji ƙanwarsa. "Mu mun ɗauka akuya kaɗai ka sani."

Tun da na shafa shi hannuna ya gaya mini. Da na yi shiru da babu abin da zai ragu a duniya. Amma na tashi na ɗauko faranti, na zaro zare daga gefe, na kunna ashana a gaban baƙinmu, daidai yadda aka koya mini. Zaren ya narke ya dunƙule. Na jira ya huce, na ɗora ƙwallon a tafin hannunsa.

"Ka gani," na ce. "Roba ce."

Ya dube shi ya daɗe. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "To. Ni fata na sani." Ya tashi ya je wanke hannu.

Bai yi fushi ba, bai sake ɗaga maganar ba. Ya kawo mini takalma na fata mai kyau, ya kawo jaka da ya tsaya a kan ɗinkinta da kansa, amma har ya bar duniya bai ƙara saya mini yadi ba. Ni kuma ban kai koren wurin tela ba. Na ce roba ba ta dace da zafin Gombe ba, kuma gaskiya ne. Na naɗe shi na sa a ƙasan akwatin ƙarfe tare da kafur.

A makon jana'izarsa, muna shirya kayansa, ƙanwarsa ta ga yadin. Ta ce, "Har yanzu yana nan? Ya gaya mini yini guda ya yi a kasuwar yana neman wannan launin. Wai irin ɗankwalin da kika ɗaura ne ranar da ya fara ganinki a majami'a." Na tuna ɗankwalin. Launin bai kuskure ko kaɗan ba. Idon da ke gane zamewar wuƙa a fata shi ya riƙe launin tsawon shekarun nan. Abin da ya zaɓa daidai ne. Ni kuwa abin da bai zaɓa ba shi na gwada.

Yanzu ina zaune gidan ɗana a Tumfure, inda sababbin gidaje suka tsaya a tsakiyar gonaki. Idan na leƙa taga ina ganin masara, ba mangwaro ba. Wani lokaci mai sayar da takalma yakan wuce, warin jima ya shigo, in tsaya da abin da nake yi har ya gushe.

Watan da ya wuce jikata, 'yar ɗan nawa, ta shigo ɗakina da leda a hannu. Ta gama jami'a, an sa ranar aurenta da wani malamin asibiti mai kunya, wanda yake gaishe ni a durƙushe.

"Kaka, ina ashanarki?" ta ce. "Ya kawo mini shadda, wai orijina ce. Ƙawayena sun ce jabu ta cika gari. Ki gwada mini, in ya sha ni in ja kunnensa."

"Ki fara gaishe ni tukuna."

"Ina wuni, Kaka. Ashanar."

Ta shimfiɗa shaddar a kan gadona. Ruwan toka ce mai haske. Na murza gefenta na saki, ba ta riƙe lanƙwasa ba. Na sa ta a kuncina, babu sanyin auduga. Akwai auduga a ciki, amma an gauraya. Ashanar tana kan tebur kusa da littafin waƙoƙina, inda take kullum, kuma har na ɗauke ta.

"Wa ya raka shi kasuwa?" na tambaya.

"Babu. Shi kaɗai ya hau keke har cikin gari. Wai ya tuna na taɓa cewa ina son wannan kalar. Ni ma na manta na faɗa."

Ban taɓa yi wa ɗaliba ƙarya a kan yadi ba, kuma ba zan fara da jinina ba. Na mayar da ashanar wurinta.

"Ba zan ƙona ba," na ce. "Ki kai wa tela. Ki gaya masa kada ya zafafa dutsen guga, kuma ya sa ƙyalle a tsakani."

Ta dube ni. Yarinyar ta tashi a gabana, ta san abin da wannan umarnin yake nufi. "Kaka, kenan..."

"Kenan ki ɗinka, ki sa ta a jikinki ranar da zai zo. Abin da na gaya miki na tela ne, ba na mijinki ba."

Ta shafa shaddar. Na ce ta jawo mini akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Na fito da koren. Kafur ya kama shi, layin naɗi ya zauna, amma launin bai koɗe ba. A nan kam roba ta fi siliki. A gefe ɗaya ana ganin gurbin zaren da na zare.

"Wannan fa? Kaka, ke da roba?"

"Riga da zane da ɗankwali," na ce. "Hannu ya sauko har gwiwar hannu. Ki ce wa telan zan duba kowane ɗinki ta ciki, kuma ina son sa kafin ranar bikinki."