Safiyar da Motocin Mai Mashru'u Suka Zo

Ranar Talata ce, bayan an gama yankan dawa. Na yi sallar asuba, na sha shayi, na ɗauki littafi da fensir na nufi rumfar kakata, Kaka Ige. Shekarata ashirin da shida a lokacin, da mata da 'ya ɗaya. Kwana tara ke nan ina zama gabanta kowace safiya ina rubuta tarihin gidanmu, don ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka taso da ƙafa daga ƙasarmu ta asali, can yamma, suka zo nan ƙasar Larabawa.

Kaka ba ta ba da labari a jere. In na tambaye ta sunan garin da aka haife ta, sai ta ɗauko yadda suka shekara biyu suna tsinkar auduga a gonar wani a yankin Jazira, suna kwana bakin kwata. In na sake tambaya, ta koma kan yadda kakana ya sare dajin nan na kusa da garin Abu Hujar, inda muka kafa namu garin, da gatari ɗaya, ƙaya ta cinye masa tafin ƙafa. Safiyar nan raina ya ɓaci, na rufe littafin.

"Gaugawar mi kaka yi, Haruna?" in ji ta. "Kai dai zamna."

Ƙarfe tara da 'yan mintuna muka ji ƙugin mota daga kudu. Mun san ko su wane ne. Tun damina wani tajiri ya zo da takarda, ya ce an ba shi ƙasar zai yi mashru'u, wato babbar gonar da tarakta ke nomawa. Sau uku dattawanmu suna zuwa wurin hukuma a birnin Sinja. Kowane zuwa ana tambayarsu tasu takardar. Ba su da ita.

Lori biyu ne da tarakta ɗaya. Mutane suka diddiro, wasu da bulala, huɗu da bindiga.

"Atla'u barra!" suka daka mana tsawa da Larabci, wato, "Ku fita!"

Limaminmu ya taro su da hannu a sama. Aka buge shi da gindin bindiga, ya zauna a ƙasa. Sai warin man fetur. Rumbun farko ya kama, na ji dawa tana fashewa a cikin wuta kamar ana suya. Baffana Ɗanjuma, ɗan autan Kaka, ya ruga da tulun ruwa. Harbi ɗaya. Tulun ya riga shi kai ƙasa. Kaka tana bakin rumfa, ta gani.

Na goya ta. Ba ta fi dami nauyi ba. Matata Hadiza ta saɓa 'yarmu, muka bi karan dawa zuwa kogi. Littafin yana kan tabarma inda na ajiye shi. Na tuna da shi a hanya, ban juya ba.

Ƙarfe goma muna bakin ruwa. Kwale-kwale biyu ne ga gari guda. Mata da yara suka fara shiga. Daga inda muke tsaye ana jin tarakta tana ture bango, ta ja baya, ta sake turewa. Jakuna suna kuka a turke, babu mai kwance su. Sai a zuwa na biyar muka samu wuri. Rana ta take tsaka lokacin da muka taka wancan gaɓar. Na waiwaya, hayaƙi ya rufe garin har tsamiyar masallaci.

Kwana biyu muka yi a ƙafa kafin garin Suki, inda Hadiza ke da dangi. Kaka ba ta ce uffan ba. Ana ba ta kunu ta sha, ana kwantar da ita ta kwanta. Na durƙusa gabanta na kira sunan kakana ko za ta ɗago, ba ta ɗago ba. A rana ta goma sha ɗaya, bayan la'asar, ta cika.

Tun daga nan nake yawon tambayar tarihinmu. A Sinja wani magatakarda ya juya fayil ya ce babu gari mai sunan garinmu da aka rushe, bai taɓa zama ba. Na bi tsofaffi ƙauye-ƙauye. Wannan ya ce mutanenmu daga gefen Gobir suke, wancan ya ce Zamfara, wani ya ce in bar wahalar da kaina. Abin da na rubuta a kwana tara ma ya cakuɗe mini, har ban iya rantsuwa a kan rabinsa.

Bayan shekara huɗu na koma inda garinmu yake a da tare da wani maƙwabcinmu na da. Riɗi ne iyakar ganin ido. An tumɓuke tsamiyar, an cike rijiya. Muka auna taku daga bakin kogi don mu gano maƙabarta, lissafinsa daban, nawa daban. Mai gadi ya hango mu ya ce mu fita daga shuka. Muka yi fatiha a gefen hanya.

Mutum goma sha ɗaya na gidanmu ke kwance a ƙarƙashin gonar nan, ban da Baffa Ɗanjuma, wanda ban san inda aka sa shi ba. Bakwai na san sunayensu.