Ɗan Baba na Kano

Shekarun baya, lokacin da na buɗe ɗan kemis ɗina a bakin kasuwar Haɗeja, ji nake babu ciwon da zai shigo gidanmu ya gagare ni. Har farar riga na ɗinka. In wata tsohuwa ta kuskure ta ce mini "likita", ba na gyara mata.

Mahaifina manomin shinkafa ne, gonarsa tana fadamar wajen Auyo. Rabin rayuwarsa a cikin ruwa ya yi ta, ko yana dashe, ko yana saran kacala, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa. Da kasuwa ta fara buɗe mini, sai na sayo masa dogon takalmin roba mai kaiwa gwiwa, don gudun matsattsaku da tsargiya. Ya yi murna ƙwarai, ya sa mini albarka.

Can cikin daminar sai ƙaiƙayi ya kama shi a ƙafafu. Tun yana susa da farce har ya koma neman totuwa. Fatar ta yi baƙi, ta yi kauri, ta tsattsage tana fitar da ruwa. Na ba shi ƙwayar borin jini, ba ta yi masa komai ba sai sa shi gyangyaɗi. Na kawo man shafawa kala-kala. Ya lafa kwana biyu, ya dawo da ƙarfinsa. Na ce ruwan fadama ne, na kafa masa doka kada ya kuskura ya taka gona ba takalmi. Ya bi dokar sau da ƙafa. Abin ya hau har gwiwa, ya fara taɓa hannuwa.

Abin da ya fi ciwon zafi shi ne bakin mutane. Wasu suka ce kuturta ce ke sallama, wasu suka ce jifa aka yi masa saboda rikicin iyakar gona. Dattawan da suke cin tuwo a kwano ɗaya da shi a ƙofar gida suka fara kawo uzuri. Baba mutum ne mai zuciya, sai ya daina fitowa. Shinkafarsa kuwa ciyawa tana neman cinye ta.

Ana cikin haka wani abokina ya zo gida biki. Tare muka tashi, a gidanmu ya fi cin abinci, tare muka zauna jarrabawa. Shi ya samu jami'a, ni ban samu ba. A lokacin yana Kano yana wani bincike a kan garkuwar jiki da cututtukan fata. Ba likita ba ne, shi da bakinsa yake faɗa. Aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje yake, shi da ɓeraye da madubin likita. Ni kuwa na riƙe wannan magana tamkar makami. Duk wanda ya yaba shi a gabana sai na ce, "Ai ɓeraye yake kiwo."

Ya shigo gaida Baba, ya durƙusa, idonsa ya faɗa kan ƙafafun. Bai ja da baya ba. Ya matsa ya ɗora ƙafar a cinyarsa yana dubawa.

"Baba, wannan ba ya yaɗuwa," ya ce. "Ba kuturta ba ce. Jikinka ne yake faɗa da wani abu da yake taɓa shi."

Ya yi masa bayani a hankali. Ya ce akwai dakaru a cikin fata masu tsaron jiki. Wani lokaci sai su ɗauki abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba, su riƙe kamanninsa, duk ranar da ya sake zuwa su tayar da yaƙi. A cikin yaƙin suke sakin wasu sinadarai da ke tsokanar jijiyoyin fata kai tsaye, shi ne ƙaiƙayin. Ya ce abin da suke bincike a kai ke nan, su gano wane saƙo ne ke tafiya daga dakarun zuwa jijiya.

"To ƙwayar da wannan yake ba ni fa?" Baba ya tambaya, yana nuna ni da haɓa.

"Tana aiki a kan wani irin ƙaiƙayin, Baba. Naka ta wata hanya yake bi."

"Wannan". Ni ne na koma "wannan". Ina tsaye a bakin ƙofa da ledar magani a hannu. Na ce, "Mutumina, ka bar rikita tsoho da Turanci. Ruwa ne kawai." Alhali ko kalmar Turanci ɗaya bai yi ba.

Ya yi murmushi ya ce, "Wataƙila ruwan ne. Amma duba inda abin ya tsaya." Iyakar ciwon a ƙasan gwiwa take, a zagaye, kamar an ja layi. Ya ce shi ba zai yanke hukunci ba, a kai shi wajen likitan fata a Kano.

Ni na kai shi. Ni na nemi mota, na zauna a gefensa ina riƙe masa hannu kada ya yi susa, na bi layin kati. A asibitin aka manna masa wasu ƙananan abubuwa a baya da filasta, aka ce mu dawo bayan 'yan kwanaki. Da aka ɓare, wuri ɗaya ya yi ja ya kumbura. Likitar ta ce sinadarin da ake haɗa roba da shi ne. Ta tambaya ko yana sa takalmin roba.

Baba ya waiwayo ya dube ni. Ni kuma na dubi silin.

Aka ba shi magani, aka hana shi takalmin, aka koya masa yadda zai riƙa shafa mai bayan ya fito daga ruwa. Kafin girbi fatar ta kwanta. Ya koma ƙofar gida, dattawa suka dawo kwano.

Nan nawa ciwon ya fara. Duk wanda ya zo barka, labari ɗaya yake sha: "Ɗana na Kano, kallo ɗaya ya yi wa ƙafar nan!" Ba a maganar mota, ba a maganar layin kati. Har kemis mutane ke biyo ni, su tuɓe hannun riga su nuna mini ƙuraje, su ce don Allah in tura wa abokina hoto. Ina turawa, ina cizon yatsa. Na kai matsayin da in wayarsa ta shigo sai na bar ta ta yi ta ƙara kafin in ɗauka, wai don ya san ni ma ina da aiki.

Wata rana na kasa haƙuri, na kai ƙara wajen mahaifiyata tana tankaɗe. Na ce, "Inna, wai ni a gidan nan bawa ne? Komai ɗansa na Kano."

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ka taɓa jin wanda ya yi wa hannunsa godiya don ya sosa masa baya? Baƙo ake yi wa godiya. Tashi ka ba ni wuri, gari na shiga maka ido."

Maganar ta sanyaya mini rai, amma ƙarya nake in na ce ta warkar da ni. Abin da na fahimta daga baya shi ne, ba yabon Baba kaɗai nake ƙyashi ba. Yadda abokina ya san dalilin abu nake ƙyashi, ni kuwa sunan magani kawai na sani. Tun daga nan, in ciwon fata ya wuce mako biyu a hannuna, ba na ƙara wani man. Asibiti nake turawa, ko da mai shi zai ce kemis ɗin bai iya aiki ba.

Abokina yana nan yana bincikensa, zumuncinmu kuma ya fi na da. Duk shekara in ruwa ya janye, kifi ya yi araha, Baba yakan sa a yi banda a kasa kashi biyu, ɗaya nawa, ɗaya na Kano. Ni ke kai na Kanon tasha. Kuma har yau, da furfurata, kafin in miƙa wa direba sai na ɗan buɗe kwalin na leƙa, in ga ko kifayensa sun fi nawa girma.

Sun fi.